Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Haƙƙin Mai Hoto a Ƙasarmu

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ɗalibanmu, mutumin Damaga ta ƙasar Maradun, ya gabatar a taron ƙara wa juna ilmi na ƙungiyar ɗalibai. Mun buga shi kamar yadda ya karanta.)



Muna godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, muna kuma godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi mu sani da shekaru a cikin wannan zaure. In mun yi daidai, to, daga Allah ne. In mun yi kuskure, malamai na nan, sai su gyara mana.

Abin da za mu yi magana a kansa shi ne haƙƙin mai ɗaukar hoto idan an buga hotonsa a jarida, ko mujalla, ko littafi, ko shafin intanet. Wataƙila wani ya ce, ana fama da rashin tsaro da tsadar abinci, ina ruwan wani da mai hoto? Muna roƙon a yi haƙuri a saurare mu, domin muna fatan nuna cewa maganar ta taɓa rashin tsaron kansa, ta kuma taɓa yadda za a ba da tarihinmu bayan ba mu.

Bari mu fara da abin da ya faru a kan idonmu. Muna da wani aboki da muka yi sakandare tare, wanda bai sami zarcewa ba, ya koma gida yana noma, yana kuma ɗaukar hoto a wajen biki da suna da wata wayar hannu da ya saya da kuɗin wakensa. Wata rana da sassafe, bayan 'yan bindiga sun kwana suna ɓarna a wasu ƙauyuka na kusa da mu, sai ga ayarin mata da yara da tsofaffi sun kamo hanya, kaya a ka, wasu bisa jakuna. Ya ɗauki hoton wata tsohuwa ta ɗora tukunya da tabarma, tana jaye da akuya, jikarta na biye da ita ba takalmi. Ya hau babur har Talata Mafara inda waya ke kamawa sosai, ya sa hoton a shafinsa na Facebook domin mahukunta su ga halin da ake ciki.

Ba a yi mako guda ba sai da muka ga hoton nan a wata jarida, da shafukan labarai da dama, da kuma takardar neman taimako ta wata ƙungiyar agaji. Abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa shi ne "Hoto: kafofin sada zumunta". Wani ma ya datse gefen da abokin namu ya rubuta sunansa. Muka rubuta wasiƙu a madadinsa. Guda ɗaya ce aka amsa, aka ce mana ai kamata ya yi ya yi murna, tun da hotonsa ya shiga duniya. Jaridar an sayar da ita, shafukan sun karɓi kuɗin talla, ƙungiyar ta tara taimako, shi kuwa ko kuɗin man babur bai mayar ba. Wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jama'a, haƙƙi biyu aka danne a nan, kuma ya kamata mu rarrabe su tun da fari. Na farko shi ne suna, watau a faɗi wanda ya ɗauki hoton. Na biyu shi ne izini da lada, watau a tambaye shi kafin a buga, a kuma biya shi abin da aka daidaita. Biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗayan. Editan da ya sa suna ya hana kuɗi ya ci gumin mutum. Wanda ya ba da kuɗi ya share suna ya raba mutum da aikinsa.

Mu ɗauki maganar suna tukuna. Akwai masu ganin cewa wannan al'adar Turawa ce da ake son ɗora mana. Mu kuwa muna ganin babu al'ummar da ta kai mu kula da jingina magana ga mai ita. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya san ba a karɓar hadisi sai da isnadi, wane daga wane daga wane. Marubutan waƙoƙinmu tun zamanin masu jihadi sukan rufe waƙa da ambaton sunansu, wasu har da garinsu da shekarar da suka yi ta ta hanyar ramzi. A ƙasarmu ta Bakura da Maradun, in aka sa waƙar marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo wani ya ce ta wani makaɗi ce, yaro ƙarami ma zai gyara masa. To, amma a dubi hotunan Ɗanƙwairon da ke yawo a bangon kaset da littattafai da intanet. Mutum nawa ne a cikin wannan zaure zai iya faɗin wanda ya ɗauki ko da guda ɗaya? Da idon wani muke ganin fuskarsa, amma mai idon ya ɓace mana.

Masu hoton da kansu ba su yi sakaci da sunansu ba. Iyayenmu sun ba mu labarin mai hoton da kan kafa akwatinsa mai ƙafa uku a bakin kasuwa, ya rataya zane a bango, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya wanke hoton nan take kana tsaye. Bayansa aka yi masu ɗakunan hoto a birane. Duk wanda ya juya tsohon hoton auren iyayensa, sau da yawa zai tarar da hatimi a baya, da sunan mai hoto da titinsa da garinsa. Da aka zo bugawa a takarda sai aka ɗauki fuskar hoton aka bar bayansa. Abin da muke nema a yau shi ne a dawo da hatimin nan gaba, layi ɗaya tak a ƙarƙashin hoto.

Amfanin wannan layi bai tsaya ga mai hoto kaɗai ba. Hoto shaida ne, shaida kuwa ba ta tsayuwa sai an san mai ba da ita. Mu mutanen gabar Gulbin Sakkwato mun san wannan fiye da kowa. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da gidajen dubban manoma, aka yi ta ja-in-ja a kan diyya, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka auka wa manoman da suka tare hanyoyin aikin. Gwamnatin lokacin ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen ƙasa suka ce ɗaruruwa ne, kuma har yau bakin bai zo ɗaya ba. A irin wannan gardama, hoton da ke ɗauke da sunan mai shi da rana da wuri yana da nauyi, domin ana iya neman mutumin a tambaye shi. Hoton da ba shi da uba kuwa kowa na iya musa shi. A yau ma mun sha ganin an ɗauko hoton wata ƙasa an ce Zamfara ce, ko hoton shekarun baya an ce jiya ne. Idan ƙarya ta yi yawa, ranar da aka kawo na gaskiya ma sai a ƙi yarda. Saboda haka editan da ya share sunan mai hoto ya raunana shaidar mutanen da ke cikin hoton.

Wannan ciwo ba mu kaɗai ya taɓa kamawa ba, kuma akwai darasi a cikin labarin mutum biyu daga nahiyarmu. Na farko shi ne Seydou Keïta na birnin Bamako a ƙasar Mali, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948 ya yi shekaru yana ɗaukar mutanen gari cikin kayan adonsu. A 1991 aka baje wasu hotunansa a wani nuni a birnin New York na Amurka, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba, alhali mutumin na nan da ransa a Bamako, da dubban finafinan hotunansa a ajiye. Sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako, wani mai hoton kuma, Malick Sidibé, ya duba ya gane aikin, kana aka san mai shi. Daga nan sunansa ya zaga duniya, hotunansa suka riƙa sayuwa a kan dubban daloli kafin ya rasu a 2001. Hotunan ba su canja ba tsakanin 1991 da bayanta. Suna ne kawai aka mayar musu, arziki ya biyo sunan.

Na biyu shi ne Sam Nzima na Afirka ta Kudu, kuma labarinsa ya shafe mu mu ɗalibai. Shi ne ya ɗauki hoton nan na yaro Hector Pieterson, wanda 'yan sanda suka harbe ranar 16 ga Yuni, 1976 a zanga-zangar ɗaliban Soweto, wani saurayi ya rungumo shi yana gudu, yayarsa na gefe tana kuka. Jaridar The World ta buga shi, duniya ta ɗauka, ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka tona asirin mulkin wariyar launin fata. Shi Nzima kuwa 'yan sanda suka sa shi gaba, ya bar aikin jarida ya koma ƙauyensu. Bai sami mallakar hoton nasa ba sai a 1998, bayan shekara 22 ana bugawa ana ƙaruwa da shi. Sunansa sananne ne, amma sunan kaɗai bai ciyar da iyalinsa ba.

To, me dokar ƙasarmu ta ce? A zamanin Turawa dokar Ingila ta 1911 ce ke aiki a nan, ita kuwa ta ɗauki mai fim ɗin da aka ɗauki hoto a kansa a matsayin mai hoton, ko da wani ne ya danna kyamara. Watau mai jari ne mai aiki. Bayan mulkin kai aka yi dokar 1970, sa'an nan ta 1988, wadda a ƙarƙashinta aka kafa hukumar da yanzu ake kira Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Wadda ke aiki a yau ita ce dokar 2022, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ga abubuwa biyar da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe daga cikinta.

Na ɗaya, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi, sai fa in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba, irin wadda ma'aikacin gidan jarida kan yi da gidansu. Na biyu, haƙƙin yana tabbata tun daga lokacin da aka ɗauki hoton, ba sai an yi rajista a wani ofis ba, kuma babu bambanci tsakanin babbar kyamara da wayar hannu. Na uku, kariyar tana kai shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da hoton ga jama'a. Na huɗu, sayar da mallakar hoto ɗungurungum ba ya inganta sai a rubuce. Na biyar, haƙƙin a ambaci sunan mai aiki, da haƙƙinsa na ƙin yarda a lalata aikin ta yadda zai zub da mutuncinsa, ba sa komawa hannun wani muddin yana raye. Gaskiya ne dokar ta yi rangwame ga masu ba da labarin abin da ke faruwa da masu nazari, amma ta gindaya sharaɗin ambaton mai aikin matuƙar hakan zai yiwu. Har wa yau, tun 1993 Nijeriya ke cikin yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, saboda haka hoton ɗan Damaga yana da kariya a Faransa da Ingila kamar yadda yake da ita a Gusau.

Kada a zaci magana ce ta kan takarda kawai. Marigayi Peter Obe, babban mai hoton jaridar Daily Times wanda ya ɗauki hotunan yaƙin basasa, ya kai kamfanin mujallar Grapevine ƙara gaban Babbar Kotun Tarayya a Legas saboda buga hotonsa ba da izininsa ba, kotu kuma ta ba shi gaskiya. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Banire da kamfanin NTA-Star, ta tabbatar da cewa haƙƙin mallakar hoto yana wajen wanda ya ɗauka, ba wajen wanda aka ɗauka ba. Game da masu cewa duk abin da aka sa a intanet ya zama na kowa, ga labarin Daniel Morel, mutumin ƙasar Haiti. Ya sa hotunan girgizar ƙasar da aka yi a Janairun 2010 a Twitter, kamfanin dillancin labarai na AFP da kamfanin Getty suka rarraba su ba da izininsa ba, a 2013 wata kotu a New York ta yanke a biya shi dala miliyan 1.2. Wanda ya shanya hatsinsa a bakin hanya ai bai ce kowa ya zo ya ɗiba ba.

Shugaban taro, adalci ne mu saurari hanzarin ɗaya ɓangaren. Hanzari na farko shi ne gidajen jaridunmu ba su da kuɗi, wasu ko albashi ba sa iya biya a kan kari. Wannan gaskiya ne, mun kuma tausaya. Amma gidan da ba shi da kuɗi yana biyan mai takarda, da mai tawada, da mai man janareta, domin waɗannan ba sa ba da kayansu sai an biya. Mai hoto kaɗai ake bari, saboda kayansa na ɗaukuwa ba da saninsa ba. In kuɗin ya yi kaɗan, a faɗa masa a daidaita. Da yawa za su yarda da kaɗan, wasu ma su yafe. Kowa a nan ya san abin da addini ya ce game da gaggauta biyan ɗan ƙwadago. Suna kuwa ko kwabo ba ya ci.

Hanzari na biyu ya fi nauyi, kuma mu mutanen Zamfara ba za mu yi wasa da shi ba. A ƙasarmu a yau, buga sunan wanda ya ɗauki hoton ɓarna na iya zama sanadin ajalinsa, domin masu ɓarnar na da waya, suna kuma da masu kai musu rahoto a cikin gari. Lalle akwai lokacin da ɓoye suna shi ne daidai. Sai dai mai hoton ne zai zaɓi haka bayan an tambaye shi, edita kuma ya ajiye sunan da ranar da wurin a cikin kundinsa, ya rubuta wa masu karatu cewa an sakaya sunan saboda tsaro. Sa'an nan ladan ya kamata ya ƙaru, tun da kasadar ta fi yawa. Lokacin da aka sace 'yan matan makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki, manyan kamfanonin labarai sun aiko masu hotonsu, an buga sunayensu, an biya su, kuma haka ya dace. Amma su sukan zo su koma. Ɗan ƙasa da zai kwana a wurin bayan kowa ya tafi, shi ne ake ɗaukar nasa kyauta.

Akwai kuma mutum na uku da ba mu so a manta da shi, watau wanda ke cikin hoton. Tsohuwar nan mai akuya ba ta san fuskarta ta kai ƙasashen waje ba. Doka ta ba mai hoto mallaka, amma ba ta ɗauke masa nauyin kare mutuncin mutane ba. Gawa, da yarinyar da aka ci wa zarafi, da majinyaci a gadon asibiti, ba abin talla ba ne. Dokar 2022 ma ta ce wanda ya sa aka ɗauke shi hoto domin amfanin gidansa, kamar na biki ko suna, yana da ikon hana a baza shi ga jama'a. Mai neman a kiyaye haƙƙinsa shi ya fi cancanta ya kiyaye na wani.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu hotonmu da yawa ba sa ajiye asalin hoto, sukan tura ta WhatsApp su goge, alhali asalin nan shi ke ɗauke da rana da sa'a da irin wayar da aka yi aiki da ita, shi ne hujjarsu ranar gardama. Sukan ba da aiki da baki, ba ko saƙon waya da ya faɗi inda za a buga, da sau nawa, da nawa za a biya. Ba su kuma haɗa kai ba, kowa na karya farashin ɗan'uwansa. Muna ba su shawara su ajiye asali, su sa sunansu a jikin abin da za su fitar, su rubuta sharaɗi ko da layi biyu ne, su kuma ƙarfafa ƙungiyoyinsu a Gusau da Talata Mafara da Ƙauran Namoda, domin wasiƙar mutum hamsin ta fi ta mutum ɗaya saurin samun amsa.

Daga ƙarshe sai mu juyo kan kanmu. Wannan mujalla tamu, da takardun sanarwar da muke mannawa a bango, da kundayen da muke rubutawa domin neman digiri, cike suke da hotunan da muka kwaso ba mu tambayi kowa ba. Ɗalibin da ya kwafi sakin layi ɗaya bai faɗi mai shi ba, malami zai kayar da shi, amma ya kwafi hoto goma ba mai ce masa uffan. A cikin wannan zaure akwai editocin gobe, da lauyoyi, da jami'an watsa labarai na gwamnati. Halin da muka saba da shi a nan shi za mu kai can.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya ta karɓi shawarwari uku. Kada a sake buga hoto a mujallarmu sai da izinin mai shi da sunansa, ko bayanin dalilin sakaya sunan. A ware wani abu daga kuɗin bugu, komai ƙanƙantarsa, domin ladan masu hoto. Sa'an nan 'yan'uwanmu masu karatun shari'a su riƙa taimaka wa masu hoton ƙauyukanmu da rubuta wasiƙar neman haƙƙi ba tare da karɓar ko sisi ba. Abokinmu na gida har yanzu yana ɗaukar hoto, amma ya daina fitar da na ɓarna, ya ce wahalar ba ta biya ba. Duk ranar da irinsa suka ajiye wayoyinsu, abin da ke faruwa a ƙauyukanmu zai koma sai dai ji, gani kuwa shi ke korar ji.

 Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya ba mu ikon ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa.